Sunan da Magdalena Ta Riƙe

Da na san abin da zai faru a kan tabarmar cin abincinmu ranar Alhamis ɗin nan, da tun safe na tura 'yata Magdalena gidan maƙwabta ta wuni can. Matata Veronica ma ta faɗa mini. Tana hura wuta ta ce, "Baban Kefas, tun asuba gabana ke faɗuwa." Na ce mata zafi ne, ta sha ruwa. Ni ma nawa gaban faɗuwa yake yi, sai dai ban so ta gane ba. A ɗakinmu na baya, inda nake tara matattun injuna, akwai mutumin da ake nema.

Shekarar 1987 ce, Birnin Kebbi tana ƙarƙashin Jihar Sakkwato. Sunana Isuwa, asalina daga wajen Kafanchan, aikina gyaran injin ban ruwa. Rumfata tana ƙofar gidanmu a Badariya, kuma yawancin masu kawo mini aiki manoman fadama ne daga Argungu da ƙauyukanta. A watan Maris na shekarar rikici ya tashi a can gida, ya bazu zuwa wasu garuruwa. Muna jin labari a rediyo, an ƙona wuraren ibada, an rasa rayuka, mu kuma ba mu san halin da danginmu ke ciki ba. Fastonmu ya ce mu daina yi wa masu shan tsanani addu'a a dunƙule, mu riƙa kiran sunayensu ɗaya ɗaya. Veronica ta kawo maganar gida ta mayar da ita doka. Kowa a gidan ya riƙe suna ɗaya, kuma duk wanda layin addu'ar abinci ya zo kansa sai ya kira sunan da ke hannunsa. Ni na riƙe yayana da ke can gida, ita ta riƙe wata ƙawarta a Zariya, ɗanmu Kefas ya riƙe malaminsa na dā. Magdalena, mai shekara bakwai, ita ce ba ta da kowa, kullum tana ƙorafi an bar ta da hannu wofi.

Sai Tamba ya zo.

Tamba masunci ne daga Gulma, magidanci, yana da mata da ɗa ɗaya. Shi ne ƙanen Malam Riskuwa, babban abokina a cikin manoman albasa. Shi yakan kawo injin yayansa gyara, ya zauna a kan benci yana yi mini tambayoyi ina aiki. Ni ba mai wa'azi ba ne, tsoro ma nake ji, amma abin da ya tambaya nakan amsa gwargwadon sanina. Ban san inda ya samo Sabon Alkawari na Hausa ba, a cikin kwalekwalensa dai aka gan shi. Dattawa suka kira shi suka tambaye shi, shi kuma bai musa ba, ya ce Almasihu yake bi. Surukansa suka ɗauke matarsa da ɗansa. Wasu samari suka fasa kwalekwalen, suka yi masa duka. Ya iso ƙofarmu ido ɗaya a rufe saboda kumburi, rigarsa a yage.

Fasto ya samo direba ɗan cocinmu da zai tafi Jos ranar Asabar, aka ce Tamba ya ɓuya wurinmu har ranar. Na zaunar da yaran na ce musu, "Kada ku faɗa wa kowa. Kowa fa na ce." Suka ce to. Magdalena ta ɗaga hannu kamar a aji ta ce, "Baba, ni zan riƙe sunan Kawu Tamba." Muka ba ta. Ita ke kai masa ruwa, ita ke zama a bakin ƙofa tana ba shi labarin kajin uwarta.

Ranar Alhamis ɗin, rana ta kusa tsakiya na ji a-kori-kura ta tsaya a ƙofar rumfa. Na ɗaga kai, sai ga Malam Riskuwa yana saukowa. Yaron mota ya sauke masa injinsa da buhun albasa ɗaya.

"Salamu alaikum, mai inji! Kana nan ko zahi ya kashe ka?"

Na amsa, muka gaisa, na tambayi gida da fadama. Na goge hannuna da tsumma. Shekaru da yawa muna tare da mutumin nan. Lokacin da aka haifi Magdalena shi ya kawo mana rago. Duk kaka sai ya aiko da shinkafa, duk rani sai albasa, kuma bai taɓa shigowa Birni ya koma bai ci tuwon Veronica ba.

"Me ya sami injin?" na tambaye shi.

"Ni ka tambaya? Kai ne bakanike."

Na durƙusa na kwance fulogi na duba. Tsaf yake. Na leƙa mai, a cike. Shi kuma ya zauna a kan bencin da ƙanensa ya saba zama, ya cire hula yana fifita da ita.

"Ka ji abin da Tamba yay yi muna?"

"Na ji an ce an sami matsala."

"Matsala." Ya yi 'yar dariya wadda ba ta kai ido ba. "Tun da yab bar Gulma ba wanda yag gane shi. An duba Argungu, an duba tasha. Kai dai wurinka shika zama in ya zo Birni. Ko ka gane shi?"

Ban iya yi wa Malam Riskuwa ƙarya ido da ido ba, ban kuma iya faɗa masa gaskiya ba. Sai na naɗe igiyar tayar da inji na fizga. Ja ɗaya ya tashi, ƙararsa ta cika rumfar, na bar shi yana ta ruri kamar ina sauraren wani abu a cikinsa. Ba abin da ya same shi. Lafiyayyen inji aka ɗauko tun daga Gulma aka biya masa mota.

Da na kashe, ya ce, "Ka gani? Ganinka kawai yay yi, ya warke." Bai sake tambayar ba, amma bai ɗauke ido daga kaina ba.

Veronica ta leƙo ta gaishe shi da ladabi kamar kullum, ta ce abinci ya sauka. Na so in ce a kawo mana rumfa, amma kafin in buɗe baki ya riga ya miƙe ya nufi cikin gida, wurin da ya saba zama a gindin dogon yaro. Daga gindin bishiyar zuwa ƙofar langa-langa ta ɗakin baya, ko yaro zai iya jefa ƙwallon mangwaro ya same ta.

Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo tuwon shinkafa da miyar kifi. Ni da shi da Kefas muka zauna. Magdalena ta kawo ruwan wanke hannu, ta durƙusa ta ce, "Sannu da zuwa, Baba Riskuwa."

"A'a, Malama! Kin yi girma. Hala tuwon gidan ga duk ke ka cinye shi?"

Malama yake kiranta saboda tsawon addu'arta. A gidanmu ba a sa hannu a kwano sai an yi addu'a, ko da baƙo, kuma shi ya saba. Yakan ce, "Ni na yi bisimillata, ku yi taku," ya naɗe hannu ya jira. In Magdalena ce ke yi, sai ya riƙa tsokanarta daga baya, ya ce ta yi wa kaji addu'a ta manta da jakinsa.

Na yi sauri na ce, "Yau ni zan yi."

"Kai? Addu'arka awa ta mai gudun ruwan sama. A ba Malama. Tun daga hanya nike marmarin jin ta."

Veronica ta ɗaga murya daga madafa. "Magdalena, zo ki duba mini wutar nan."

"Uwar gida, wuta ba ta gudu," in ji shi. Sannan ya juyo gare ni. "Yau mi na yi muku, kuke hana mini Malamata?"

Da wasa ya faɗa, amma na ga in na sake hanawa, hanawar ce za ta tona mu. Na dubi yarinyar, na ɗan girgiza mata kai, ina fatan za ta gane. Ta yi mini murmushi, ta haɗa tafin hannu, ta runtse ido.

"Ubanmu na sama, mun gode da tuwo da kifi. Mun gode da Baba Riskuwa ya zo lafiya, ya kawo albasa. Ka sa Kefas ya daina ɗaukar kifi kafin a ce amin."

Malam Riskuwa ya yi dariya ƙasa ƙasa. Na fara sakin numfashi, na ce a raina ta gama.

"Ka kiyaye Kawu Tamba," ta ci gaba. "Ka warkar masa da idonsa, har yanzu bai buɗe sosai ba. Ka hana shi tari in akwai baƙi, ɗakin injuna akwai ƙura. Ka mayar masa da ɗansa, yana kuka saboda shi. Ka sa 'yan'uwansa su daina fushi da shi. Cikin sunan Yesu."

Na ji ludayi ya faɗi a madafa. Kefas ya sunkuyar da kai har goshinsa ya kusa taɓa kwano. Magdalena ta buɗe ido ɗaya ta dube mu.

"Ba ku ce amin ba."

"Amin," in ji Veronica daga nesa.

Malam Riskuwa bai tsokane ta ba. Ya juya kansa a hankali ya dubi ƙofar langa-langar. Ya daɗe yana kallonta. Ni kuma ina lissafin abin da zan yi in ya miƙe, ko in riƙe shi, ko in tare ƙofar, ko in kwashe yarana. Mutum ne ƙaƙƙarfa, ya fi ni ko ta ina. Na yi addu'a a zuciyata, ba ta da kai ba ta da gindi, sunan Yesu kawai nake maimaitawa.

Sai ya jawo kwanon ruwa ya wanke hannu, ya gutsuri tuwo ya kai baki. Ya ci a hankali, loma bayan loma, har ya ƙoshi. Ni ban san ko na haɗiye wani abu ba. Da ya gama ya wanke hannu, ya fara magana. Fuskarsa tana wajena, amma ya ɗaga murya fiye da yadda ake yi wa wanda ke zaune kusa.

"Isuwa, tsohuwarmu ba ta cin abinci tun da abin ga yaf faru. Kunu kaɗai aka samu ta kurɓa. Yaron Tamba kuwa, Abu, lahiya lau shike, jiya na gane shi, na kai mishi ƙuli-ƙuli. Amma abin da Tamba yay yi, ya karya mu. Ko masallaci in na shiga, sai in ji idanu bisa bayana. Uwa ɗaya uba ɗaya muke. Ni na koya mishi tuƙin jirgi. Ban yahe ba, kuma ban san ranar da zan yahe ba."

Daga cikin ɗakin ba a ji ko numfashi ba.

Ya miƙe ya sa hularsa. "Injin ga zan bar shi wurinka. Gobe in an sauko Juma'a za mu zo ɗauka. Ni da kawunmu Hodi da samarin gida."

"Malam Riskuwa, injin da mutum ɗaya ke saɓawa a kafaɗa?"

"Haka nic ce. Gobe, bayan Juma'a." Ya dafa kan Magdalena zai wuce, sai ya janye hannunsa, ya fita bai yi wa Veronica sallama ba.

Ina jin takunsa ya yi nisa na juyo kan yarinyar. Ban san muryata tana kai haka ba.

"Me na ce miki? Me na ce muku, ke da Kefas?"

Ta ja da baya, idonta ya cika. "Ka ce kada in faɗa wa kowa. Ban faɗa wa kowa ba, Baba. Allah na faɗa wa. Mama ta ce ba a ɓoye wa Allah komai, kuma ni ke riƙe da sunansa."

Na ɗaga hannu. Ban taɓa dukanta ba, amma ranar na ɗaga. Veronica ta taho da gudu, sai dai kafin ta iso ƙofar langa-langa ta buɗe.

"Isuwa, kada ka taɓa ta."

Tamba ne a tsaye, ya dafa bango, hawaye na fita har ta idon da ya kumbura. "Tun da anka kore ni, ba a kira sunana gaban yayana ba sai da zagi. Yau yaj ji shi a bakin mai so na. Ka bar ta."

Na sauke hannuna. Magdalena ta ruga ta ƙanƙame zanen uwarta. Tamba ya ce da kyar ya hana kansa fitowa lokacin da aka ambaci tsohuwa, sai da ya ciji hannun rigarsa. Na tambaye shi me yake ganin yayansa ke nufi da zancen gobe, gargaɗi ne mu gudu, ko umarni ne mu ajiye masa shi a shirye. Ya ce shi ma bai sani ba. Ya ce Riskuwa mutum ne da zai iya yin kowanne a cikin biyun.

Abu ɗaya dai ya fito fili, ba za a jira Asabar ba. Na hau keke na tafi wurin fasto. Direban cocinmu ba ya gari. Muka nufi inda ake lodin albasa zuwa kudu, muka sami wata babbar mota da za ta tashi da yamma ta hanyar Jega da Yawuri. Fasto ya roƙi direban ya sauke mana wani baƙo a Kontagora, inda faston yake da abokin aiki. Direban bai yi tambaya ba. Na ba Tamba tsohuwar rigar aikina mai baƙin mai da hular sanyi, ya zama kamar yaron mota. Kafin ya fita Veronica ta ce a durƙusa. Muka durƙusa a tsakar gida, amma Magdalena ta ƙi buɗe baki, ko amin ba ta ce ba. Tamba ya sunkuya ya ce mata, "Malama, kada ki yar da sunana, kin ji?" Ta gyaɗa kai kawai. Kafin magariba na ga motar ta ɗauki hanya, yana zaune a saman buhuna ya juya wa gari baya.

Washegari da safe Veronica ta kwance buhun da Malam Riskuwa ya kawo don ta ɗebi albasar miya. Sai ta kira ni. A ƙarƙashin albasar akwai ƙunshi a cikin tsohon zane irin na tsofaffin mata. Muka buɗe, muka ga riga da wando na Tamba a wanke a ninke, da busasshen kifi, da 'yar wuƙar da yake gyaran komar kamun kifi da ita.

Na zauna a ƙasa. Tun daga Gulma aka ɗaure buhun nan, kafin yarinyata ta buɗe baki. Mutumin ya san inda ƙanensa yake, ko kuwa ya yi zato mai ƙarfi. Zuciyata ta ce alheri ne. Can kuma ta ce wataƙila tarko ne, in ya dawo bai ga kayan ba, ya tabbatar Tamba ya karɓa. Veronica ta naɗe ƙunshin ta tura shi cikin tulun hatsi. Sannan ta ce mini, "Je ka wurin 'yarka. Tun jiya ba ta ci komai ba."

Na same ta a bayan ɗaki tana watsa wa kaji tsaba. Na tsuguna kusa da ita na ce, "Magdalena, ba ke kika tona ba. Ya riga ya sani. Kuma ko da ke ce, bai kamata in ɗaga miki hannu ba. Ki yafe wa babanki." Ta watsa wa kajin sauran tsabar. Sannan ta ce, "To yau layin wa ne?" Na ce nata ne, in tana so.

Bayan an sauko Juma'a suka zo. Malam Riskuwa, da wani dattijo mai sanda wanda na gane shi ne Hodi, da samari uku. Ba wasa, ba tambayar zafi. Dattijon ya ce sun ji ana ɓoye musu ɗa a gidajen Kirista, suna son su duba. Na ce bisimilla. Samarin suka nufi ɗakin baya, sai Malam Riskuwa ya tare su da hannu ya ce shi zai shiga. Ya shiga shi kaɗai. Veronica ta riga ta share ɗakin, ta ɗauke tabarma, amma ni na san warin man zafin da muke shafa wa Tamba bai gama fita ba. Ya daɗe a ciki. Da ya fito ya ce, "Tarkacen ƙarhe ne kawai."

Dattijon bai gamsu ba. Idonsa ya faɗa kan Magdalena tana leƙowa daga bayan uwarta. Ya nuna ta da sanda. "Ke ɗiya, taho nan. Yara ba su ƙarya."

Yarinyar ta saki zanen uwarta, ta yi taku ɗaya.

"Kawu," in ji Malam Riskuwa, "ba mu zo tambayar ɗiyan mutane ba. Na duba, na ce babu. Ko ni ma ba ka yarda da ni?"

Suka kalli juna. Dattijon ya buga sandarsa a ƙasa ya juya. Saurayi ɗaya ya saɓa injin a kafaɗa. Malam Riskuwa ne na ƙarshen fita. Ya dubi buhun albasar a jingine da bango, bakin buhun a kwance, ya dube ni, ya fita.

Tun ranar bai sake taka rumfata ba. Na ji wani bakanike a Argungu yake kai wa injinsa. Da kaka ta zo ba a aiko da shinkafa ba. Magdalena kuwa ta ce suna ɗaya ya yi mata kaɗan, ta ƙara da na Baba Riskuwa, kuma in layinta ya zo tuwo kan huce kafin ta gama. Ba na katse ta.

Abokin fasto na Kontagora ya aiko da saƙo cewa ba wanda ya iso wurinsa. Da na sake haɗuwa da direban a wurin lodi, ya ce mutumin ya sauka ne a Yawuri, ya ga masunta a bakin kogi ya ce a tsaya. Ƙunshin kayansa yana nan a ɗakinmu. Har yau ban san inda Tamba yake ba, ban san ko yana da rai ba. Ban kuma san ko Malam Riskuwa ya zo gidana ranar Alhamis ɗin nan don ya ceci ƙanensa ne ko don ya kama shi ba.